Darasi: Duba Majiyyaci Daga Nesa da Kasuwar Na'urorinsa

Mai hawan jini da ke zuwa asibiti duk bayan wata biyu ko uku, 'yan mintuna kawai likita ke ganinsa. Ya baro Dukku ko Nafada ko Bajoga tun da asuba, ya sha jijjigar mota, ya bi layin kati a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka ko a Asibitin Ƙwararru na Jekadafari, sannan a ɗaura masa abin awo a damtse sau ɗaya. A kan wannan awo guda za a ƙara masa magani ko a rage. Sauran kwanakin kuwa, jininsa na hawa yana sauka a gida da gona da kasuwa, ba wanda ya sani. Ga shi hawan jini ba ya cika nuna alama. Mutum kan ji garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye ko ƙodarsa ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu wannan ciwo a duniya ba su ma san suna da shi ba.

Wannan giɓi da ke tsakanin zuwa asibiti na yau da na gaba, shi ake son cikewa da duba majiyyaci daga nesa. A darasin nan za mu ga yadda abin ke aiki, yadda ake awo a gida ba tare da an yaudari kai ba, su wa ke cin kasuwarsa, da abin da mutumin Gombe ya kamata ya tambaya kafin ya zaro kuɗinsa.

Yadda abin ke tafiya

Ana ba majiyyaci na'ura ya tafi da ita gida. Tana iya zama ta awon hawan jini, ko ta gwajin suga, ko ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna yawan iskar oksijin a jini da bugun zuciya, ko ma sikelin awon nauyi, wanda ke da amfani ƙwarai ga mai ciwon zuciya, don ƙaruwar nauyi cikin kwana biyu ko uku na nuna ruwa ya fara taruwa a jiki. Sakamakon awon sai ya bi ta waya ya isa asibiti. Wasu na'urorin su suke tura shi da kansu ta intanet. Wasu kuwa majiyyacin ne ko ɗansa zai karanta lambar ya tura ta saƙon tes ko WhatsApp. A can asibiti akwai kwamfuta da ke tara lambobin, ta ware waɗanda suka wuce ƙa'ida. Daga nan sai ma'aikacin lafiya ya duba, ya kira, ya ce a ƙara magani, ko a rage gishiri, ko a kamo hanya yanzu-yanzu.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya. In babu mai dubawa ya amsa, na'urar ta zama mai sallama a ƙofar gidan da ba kowa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1905 wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya aika zanen bugun zuciyar majiyyaci ta igiyar tarho daga asibitin birnin Leiden zuwa ɗakin bincikensa, nisan kimanin kilomita ɗaya da rabi. A ƙarshen shekarun 1940 Norman Holter na Amurka ya haɗa na'urar naɗar bugun zuciya da ake goyawa a baya, nauyinta ya kusa kilo 40. Yau jikanyarta na shiga aljihu. Abin awon oksijin na yatsa kuma ya samo asali ne daga aikin wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, a farkon shekarun 1970. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a 2001, ta kai inda likita bai taɓa takawa ba.

Mun ma ga irin wannan aiki a ƙasarmu. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a 2014, an bi mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Ma'aikata na shigar da sakamakon a waya, cibiyar gaggawa na gani nan take, duk wanda zazzaɓi ya kama a je a ɗauko shi. A ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar.

Awo a gida

Lambar da aka tura asibiti ba ta da amfani in tun farko an yi awon ba daidai ba, har ma tana iya cutarwa. Don haka a nan za mu ɗan dakata.

Mai auna hawan jini ya fara kewayawa ya yi fitsari. Kada ya ci goro, ko ya sha shayi mai kauri ko kofi ko taba, rabin awa kafin awo. Ya zauna a kujera ya jingina bayansa, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, ba harɗewa, ya huta minti biyar. Ya ɗora hannu a kan tebur yadda damtse zai yi daidai da ƙirji. A ɗaura maɗaurin a kan fata, ba a kan hannun riga ba, sama kaɗan da gwiwar hannu. Yayin da na'urar ke hura iska tana matsa damtse, ba magana, ko amsa sallama a bari sai ta gama. A jira minti ɗaya a sake. A yi haka safe kafin shan magani, da kuma yamma, a rubuta duka a littafi da kwanan wata. Idan damtsen mutum kakkaura ne, maɗaurin kuma ƙarami, lambar za ta fito sama da gaskiya. Sai a nemi babban maɗauri. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

Lambobi biyu ke fitowa, ta sama da ta ƙasa. A asibiti 140 bisa 90 ne iyakar da ake cewa jini ya hau. A gida, inda hankalin mutum ya fi kwanciya, ana ɗaukar 135 bisa 85. Idan ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko ganin dishi-dishi, ko nauyin harshe, to ba maganar tura saƙo kuma, asibiti za a nufa. Mai juna biyu tata ta fi tsanani: 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce mako 20 abin kai wa ungozoma ne a ranar, 160 bisa 110 kuwa gaggawa ce, don daga nan jijjiga ke tasowa, wadda ta ci rayukan mata masu yawa a arewacin nan.

Masu ciwon suga su lura da abu biyu. Na farko, na'urorin da ke kasuwa ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba. Wata za ta nuna 126, wata ta nuna 7, alhali jini ɗaya ne. Ana ninka ƙaramar lambar sau 18 ne a sami babbar. Wanda ya tura wa nas “7” ba tare da ta san irin na'urarsa ba zai iya ɗaga mata hankali a banza. Na biyu, tsinken gwaji ba ya son zafi. Yawancin kamfanoni na rubuta a jikin kwalin cewa kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a Gombe watan Maris da Afrilu zafi kan kai 40. Tsinken da ya kwana a aljihun mota ko a kan taga ƙarƙashin kwano zai iya ba da lambar ƙarya. A ajiye shi cikin robarsa a rufe, a wuri mafi sanyi a ɗaki. Suga da ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin babbar lamba, da rawar jiki da gumi da jiri, sai a sha abu mai zaƙi nan take, ko da ana azumi ne.

Abin awon oksijin na yatsa ma yana da nasa aibin, kuma ya shafe mu kai tsaye. Haske yake ratsa yatsa da shi, baƙar fata kuwa na shanye hasken fiye da fara. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a Disamban 2020 ya gano cewa na'urar kan nuna oksijin lafiya lau alhali ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku. Jan farce da baƙin lalle da sanyin yatsa lokacin hunturu ma kan rikita ta. Saboda haka idan mutum na haki, numfashi na yi masa wuya, a yarda da abin da ido ya gani, ko na'ura ta ce 96.

Shin yana ceton rai?

Amsar ta danganta ne da wanda ke ɗaya ɓangaren. Misali biyu za su nuna mana. A 2010 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan masu ciwon zuciya sama da 1,600. An ba rabinsu lambar da za su riƙa kira kullum, na'ura ta yi musu tambayoyi su amsa ta danna madannan waya. Da aka kwatanta su da sauran, ba a ga bambanci ba, ko a mace-mace ko a komawa gadon asibiti. Wasu ba su taɓa kira ba ko sau ɗaya, da yawa kuma suka gaji suka daina. A 2018 kuma aka fitar da na Jamus, kan masu irin wannan ciwo sama da 1,500. Su an ba su sikeli da abin awon jini da na bugun zuciya, sakamakon na zuwa wata cibiya a asibitin Charité na Balin, inda likitoci da nas-nas ke zaune dare da rana, da ikon canza magani ko kiran motar asibiti. A nan mace-mace sun ragu a fili, har daga 2022 inshorar lafiyar Jamus ta fara biyan kuɗin wannan aiki.

Mu kawo abin gida. A ɗauka wani dattijo ne a unguwar Pantami, jikansa ya tura awonsa na kwana uku a jere, duk sun haura 160 bisa 100. Malamar asibiti ta gani ta kira.

“Baba, ina wuni? Na ga jinin ya hau kwana uku ke nan. Ana shan maganin kuwa?”

“Lafiya lau, 'yata. Ai ya ƙare tun ranar Juma'a. Na ga jikin da sauƙi, na ce bari sai an yi albashi.”

“A'a Baba, wannan ba a jira da shi. A turo yaro gobe da safe da katinka.”

Kiran bai kai minti biyu ba, amma ya gano abin da kwamfuta ba za ta taɓa ganowa ba: maganin ne ya ƙare, kuɗi kuma babu.

Su wa ke cin kasuwar

Masu ƙera na'ura su ne a gaba, kusan dukkansu na waje: Omron na Japan a awon hawan jini, Roche mai Accu-Chek a gwajin suga, Abbott da Dexcom na Amurka masu ɗan faifan da ake mannawa a fata yana auna suga dare da rana, sai irin su Philips da Medtronic. Ribarsu ba a na'urar kaɗai take ba. Abin gwajin suga ana sayar da shi da rahusa, amma kowane iri da tsinkensa, ba ya karɓar na wani, kuma tsinke sau ɗaya ake amfani da shi. Faifan FreeStyle Libre na Abbott, wanda ya fito a Turai a 2014, kwana 14 yake yi a cire a sayi wani. Wanda ya sayi na'ura ya zama mai ciniki na dindindin. Bayan su akwai kamfanonin sadarwa masu sayar da data, da masu rubuta manhajar da ke tara bayanan, irin su mDoc da ke Legas, wanda ke bibiyar masu hawan jini da suga ta waya.

Za ku riƙa jin ana cewa wannan kasuwa ta kai dala biliyan kaza, za ta ninka nan da shekara kaza. Irin waɗannan alƙaluma kamfanonin hasashe ne ke fitar da su don masu zuba jari, kuma ba sa ma dacewa da juna. Abin da ya fi amfani a sani shi ne dalilin da kasuwar ta haɓaka a inda ta haɓaka. A Amurka, daga 2019 ne shirin inshorar gwamnati na tsofaffi, Medicare, ya faɗaɗa biyan likita kuɗi na musamman kan wannan aiki, da sharaɗin a lokacin cewa na'ura ta turo awo aƙalla kwana 16 cikin 30, ma'aikaci kuma ya ba majiyyacin aƙalla minti 20 a wata. Da kuɗi ya fito, kamfanoni suka yi ca. Annobar korona a 2020 ta ƙara ingiza abin. A Ingila aka riƙa raba wa majiyyata abin awon oksijin suna jinya a gida ana bibiyarsu ta waya. Inda kuɗi ya taru kuma ba a rasa masu wawura. A 2024 ofishin babban mai binciken ma'aikatar lafiyar Amurka ya ba da rahoton cewa kimanin kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka yi wa rajistar wannan hidima ba su sami cikakkenta ba.

A Najeriya lissafin daban ne. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Na'urorin da tsinkensu da dala ake shigo da su, tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Magidancin da ke zaɓa tsakanin tsinken gwaji da kwanon masara, an san abin da zai zaɓa, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Gombe

Jihar nan, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114. Ƙwararrun likitocin zuciya da ƙoda da suga a cikin birni suke taruwa, majiyyata kuwa suna warwatse daga Shongom har Nafada. In akwai inda duba daga nesa zai rage wa mutane wahala da kuɗin mota, to nan ne.

Kuma ba daga tushe za a fara ba. An gyara asibitin matakin farko a kowace mazaɓa. A 2019 aka yi dokar kafa GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Kafin haka ma, ƙungiyar Society for Family Health ta yi aiki a jihar kan lafiyar mata masu juna biyu, inda aka horar da mata 'yan gari suna shiga gida-gida, aka kuma haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW suna kai mai naƙuda asibiti cikin gaggawa. Wato an san yadda ake haɗa gida da asibiti.

A ganina, abin da zai yi aiki a nan ba agogon hannu mai tsada ba ne, ba kuma manhajar da sai da babbar waya da data za ta buɗe ba. Mata da tsofaffi da yawa ƙaramar waya ce a hannunsu, wasu ta maigida suke ara, wuta kuma sai an kai caji shago. Na'urar awon jini ɗaya mai batir a hannun ma'aikaciyar lafiya ta unguwa za ta iya auna gida 30, a tura lambobin ta saƙon tes, nas ɗaya a asibitin mazaɓa ta duba, wanda ya gagare ta ta miƙa wa likita a birni. Akwai ma na'urar da aka ƙera don irin wurarenmu, CRADLE, wadda masana na King's College da ke Landan suka tsara don masu juna biyu: tana kunna fitila koriya ko rawaya ko ja, yadda ko wanda bai iya karanta lamba ba zai gane. Abin da ya rage shi ne wa zai biya lokacin wannan nas da katin wayarta, domin ma'aikaciyar da ta wuni tana fama da layin majiyyata ba za ta kwana tana amsa saƙo kyauta ba, kuma bai kamata a nemi haka daga gare ta ba. A teburin GoHealth da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ya kamata a yanke wannan magana. Lissafin da za a ajiye musu mai sauƙi ne: kuɗin bibiyar mai hawan jini na shekara guda bai kai na wankin ƙoda na 'yan makonni ba.

Kafin ka biya

Duk wanda ya zo maka da tallan na'ura ko rajistar “likita a waya”, ka fara tambayarsa wa ke duba sakamakon, a wane asibiti yake, kuma cikin awa nawa zai amsa. Ka tambayi abin da za ka yi in lambar ta yi muni da tsakar dare. Likita na gaskiya yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, na'ura kuma hukumar NAFDAC ce ke yi mata rajista. Ka tambayi farashin tsinke da batir kafin farashin na'urar, ka kuma tabbatar ana samun su a kemis a nan Gombe, ba sai an aika Kano ba. In ka saya, ka kai ta asibiti a gwada ta tare da tasu. Ka yi hattara da agogo ko zobe da ake cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2024 cewa ba ta amince da ko ɗaya ba.

Sai maganar sirri. Lambobin jikinka amana ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, kana da haƙƙin sanin inda ake ajiye su da wanda ake nuna wa. Wannan ya fi muhimmanci a gidan da mutum uku ke amfani da waya ɗaya. Mace mai ciki ɗan wata biyu da ba ta so a sani tukuna, ko mai shan maganin tarin fuka, ya kamata a tambaye su wace lamba za a kira, da wane lokaci.

Aiki

Malami ya aro na'urar awon jini daga asibitin unguwa. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, maza daban mata daban. Kowa a auna shi da zarar ya shigo aji, a sake auna shi bayan ya zauna shiru minti biyar, a rubuta duka biyun a allo a ga bambancin. Wanda awonsa na biyu ya kai 140 bisa 90, malami ya sanar da shi a keɓe ya je asibiti a sake dubawa. Bayan haka a tattauna waɗannan:

1. Me ya sa gwajin Jamus ya yi nasara, na Amurka na 2010 bai yi ba?
2. Na'urar wata mata ta nuna suga 9. Nawa ke nan a ɗaya ma'aunin?
3. Ka lissafa kuɗin mota da abinci da asarar wunin aiki na zuwa asibiti sau ɗaya daga garinku, ka kwatanta da farashin na'urar awon jini a kemis mafi kusa da kai.
4. Rubuta saƙon tes na layi uku da za ka tura wa malamar asibiti game da awon mahaifiyarka, da kwanan wata da lokaci da maganin da take sha.